Wa Zai Ɗauki Ƙaramin?

A bazarar 2021, ana saura 'yan kwanaki a kama azumi, na zauna a wata rumfar zana a wani ƙauye da ke gefen hanyar Mayo-Oulo zuwa Dourbeye. An shafa addu'ar arba'in, baƙi sun watse, yara sun kwashe ƙoren gumba, saura 'yan gida. Mamacin ɗan kasuwa ne, yana bin kasuwannin ƙauye yana auno gyaɗa yana kaiwa Mubi. Zazzaɓi ya kwantar da shi, tari ya biyo baya, numfashi ya riƙa sarƙewa, a kwana na shida ya cika. Iyakar maganin da ya samu na mai shago ne, ba wanda ya zura masa tsinken gwaji a hanci. Mako uku a tsakani tsohuwarsa ta bi shi, da irin tarin nan nasa. Mutane suka ce baƙin cikin ɗanta ne ya tafi da ita.

Ya bar mata biyu da 'ya'ya tara. Wansa, wanda yaran ke kira Baffa, ya gyara zama ya ce, "To jama'a, mai yi ya riga ya yi. Saura maganar yara."

Nan da nan aka shiga rabo. Samarin biyu Baffa ya ce su dawo wajensa, ga gona ga damina tafe. Gwaggonsu ta Gidar ta nemi a ba ta yarinyar mai shekara goma sha biyu, ta ce za ta sa ta makaranta in Allah ya hore. Amarya in ta fita takaba za ta koma gidansu da nata biyu. Uwargida za ta zauna a ɗakinta da ƙananan nata uku. Sai aka zo kan wani yaro ɗan shekara bakwai. Uwarsa ta daɗe da fita daga gidan, ta yi wani auren can wajen Pitoa. Tun da aka yaye shi yake ɗakin kakarsa, a ƙwaryarta yake ci, a bayanta yake kwana, ita kuma tana kiransa maigidana, irin wasan kaka da jika.

"Wa zai ɗauki ƙaramin?" in ji Baffa.

Kowa ya sunkuyar da kai. Ya sake tambaya. Yaron yana bakin rumfar yana tona ƙasa da tsinke, ba abin da ya wuce kunnensa.

Yaron nan ba ya cikin littafin kowa. A ƙididdigar gwamnatin Kamaru, tun daga ranar 6 ga Maris 2020 da aka tabbatar da mutum na farko mai korona a Yawunde har annobar ta lafa, waɗanda cutar ta kashe a duk faɗin ƙasar ba su cika 2,000 ba. Wanda ya karɓi adadin nan yadda yake, sai ya ce iska ce ta kaɗa ta wuce. Amma mutum ba ya shiga lissafin sai an gwada shi, gwaji kuwa a watannin farko na manyan birane ne. Mai son ya auna abin da ke ɓoyewa ya tuna Kano a watan Afrilun 2020, sa'ad da masu haƙar kabari suka fara kuka da yawan gawa tun hukuma ba ta ce uffan ba. Daga baya ministan lafiya na Najeriya, Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mutuwa 979, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari da alama korona ce sanadi. Kano ke nan, birni mai gidajen rediyo da 'yan jarida. Ƙauyen da ke bayan dutse a ƙasar Fali ba shi da mai haƙar kabarin da zai yi hira da rediyo. 'Yan'uwa ne ke haƙa, a rufe kafin la'asar, a dawo a zauna karɓar gaisuwa.

Akwai kuma dalilin da ya sa mutane suka gwammace su yi shiru. A farkon annobar labari ya bazu cewa wanda aka tabbatar korona ce ta kashe shi, ma'aikata masu fararen kaya ne ke binne shi, dangi na kallo daga nesa. Ga mutanen da wanka da likkafani da sallar gawa suke haƙƙi na ƙarshe da mamaci ke bin su, wannan ya fi mutuwar ciwo. Sai aka riƙa ɓoye mai tari a ɗaki, a ce masa shawara ce, ko zazzaɓin cizon sauro, ko hawan jini. Ni ban ga laifinsu sosai ba. Sai dai abin da aka ɓoye don mutuncin gawa, shi ya koma ya ɓoye yaran da ta bari.

Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta ce ƙasashe sun ba da rahoton mutuwa miliyan 5.4 a 2020 da 2021, alhali rayukan da suka salwanta fiye da yadda aka saba a shekarun biyu sun kai kusan miliyan 14.9. A kan irin wannan lissafi ne wasu masana, ƙarƙashin jagorancin Susan Hillis ta hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, tare da abokan aikinta na jami'o'in Ingila, suka yi tambayar da ba a cika yi ba: kowane mamaci, yara nawa ya bari? A watan Yulin 2021 suka buga a mujallar Lancet cewa zuwa ƙarshen Afrilun shekarar, yara sama da miliyan ɗaya da rabi sun rasa uwa, ko uba, ko kakan da ke gida ɗaya da su. Zuwa ƙarshen Oktoba adadin ya kai miliyan 5.2. Zuwa 1 ga Mayun 2022 ya kai miliyan 10.5, daga ciki miliyan 7.5 uwa ko uba suka rasa. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na yaran a Afirka suke. Uku cikin huɗu na marayun uba suka rasa, biyu cikin uku kuma 'yan shekara 10 zuwa 17 ne.

Adadin nan ƙiyasi ne, an haɗa yawan mutuwa da yawan haihuwa aka fitar da shi ƙasa-ƙasa, bai sauko kan gunduma irin Mayo-Oulo ba. Amma akwai abu ɗaya a cikinsa da duk wanda ya tashi a nan zai gane ba sai an yi masa bayani ba. Korona ta fi kashe tsofaffi, ta fi kashe maza. A Italiya ko Faransa, in mai shekara sittin da biyar ya rasu, 'ya'yansa sun daɗe da kama gabansu. A nan mai shekara sittin da biyar yana iya kasancewa da mata uku, babban ɗansa na da furfura, autansa na goye. Gawa ɗaya a Turai tana barin jikoki masu kewar kaka. Gawa ɗaya a nan yankinmu na Mayo-Louti tana iya barin yara goma da ba su san inda tuwon gobe zai fito ba. Shi ya sa maganar da aka yi ta yi cewa Afirka ta tsira saboda yawancin mutanenta matasa ne take da gaskiya rabi. Yaran ba su mutu ba. Masu ciyar da su ne suka tafi.

Ita kanta kalmar maraya ta yi wa lamarin kaɗan. A wurin malamai maraya shi ne wanda ubansa ya rasu bai balaga ba. A takardun Majalisar Ɗinkin Duniya, duk wanda bai kai 18 ba ya rasa uwa ko uba. To yaron bakin rumfa fa? Ubansa ya rasu, haka ne, amma uban nan kullum yana hanya, sai dai ya shafa kansa ya miƙa masa alewa. Rashin da ya girgiza shi na kakar ne, ita ce uwar da ya sani. Da uban yana raye kaka kaɗai ta rasu, ba mai kiransa maraya, ba mai sa sunansa a rabon kayan sallah, alhali shi duniyarsa ta rushe. A ƙasar da riƙo ya zama ruwan dare, inda yara da dama ke tashi a hannun kaka ko gwaggo ko kishiyar uwa, wadda ta haifa da wadda ta rena ba lallai su zama mutum ɗaya ba. Masanan can sun kyauta da suka sa kakanni a lissafi.

Korona ba ita ce baƙuwar farko ba. Kwalara, wadda muka fi sani da amai da gudawa, ta shigo Kamaru tun 1971, kuma ita ma annobar duniya ce, wadda ta taso daga Indonesiya a 1961 ba ta ƙare ba har yau. A 2010 ta kama mutum sama da 10,000 a ƙasar, ta kashe fiye da 600, yawancinsu a arewa. A watan Mayun 2018, tana tsaka da ɓarna a Mubi, a nan gundumar lafiya ta Mayo-Oulo aka fara ganinta a Kamaru, a yankunan Guirviza da Doumo. Ba abin mamaki ba ne. Iyakar nan ta masu hatimi ce. Kasuwa ɗaya ake ci, aure ɗaya ake yi, gaisuwar mutuwa ɗaya ake zuwa. Sanƙarau kuwa kowace bazara ana zaman ɗarɗar da shi, kafin allurar da aka fara yi a arewacin Kamaru a ƙarshen 2011 ta karya lagonsa.

Kowace annoba da irin maraicin da take bari. Kwalara ba ta ba da lokacin wasiyya: mace ta yi jinyar ɗanta da safe, da dare ita ce a kwance. Ƙanjamau kuwa a hankali take ci. An fara ganinta a Kamaru a 1985, a 2004 tana jikin kashi 5.5 cikin ɗari na manya, ta sauko zuwa 2.7 a 2018, kuma arewa na cikin inda ta fi sauƙi. Amma kafin a mayar da maganinta kyauta a 2007, gidan da ta shiga sai ta cinye akuya da keke da gona wajen neman magani, sannan ta ɗauki miji, ta dawo ta ɗauki mata. Yaran da ta bari, kakanni ne suka tattara su. Tsofaffin da ya kamata a ce ana yi musu hidima suka koma daka da surfe da biyan kuɗin makaranta. Da korona ta zo, kan wannan sahun ta faɗa.

A nan nake ganin ya kamata mu rage yabon kanmu. Mun saba cewa ɗa na kowa ne, mu ba mu san gidan marayu ba, dangi ba sa barin nasu a titi. Akwai gaskiya a ciki, kuma gaskiya mai daraja. Tarihin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi kansa tarihin riƙo ne: mahaifi ya rasu kafin haihuwarsa, mahaifiya yana da shekara shida, kakansa Abdulmuɗɗalibi yana da takwas, sannan baffansa Abu Ɗalibi ya karɓa. Igiya ce mai ƙulli-ƙulli, in ɗaya ya kwance na gaba ya riƙe. Amma an ɗaura ta ne don mutuwar ɗaya-ɗaya. Annoba tana kwance ƙulli biyu ko uku a wata guda, kuma tana zuwa ne daidai lokacin da aljihun kowa ya bushe. A 2020 Najeriya ta riga ta rufe iyakokinta na ƙasa tun Agustan 2019, ba ta buɗe ba sai Disambar 2020, Kamaru ita ma ta rufe nata a watan Maris. Mai kai gyaɗa da wake da shanu Mubi, da mai sauko da kaya daga can, duk sai ta ɓarauniyar hanya, riba ta tafi a cin hanci. Baffan da aka miƙa wa yara uku, shi ma nasa bakwai ne.

Sannan ba kowane riƙo ne riƙo ba. Ka lura da yadda aka yi rabon a rumfar nan: masu ƙarfin riƙe fartanya aka fara ɗauka, sai mai iya wanke-wanke da talla, aka bar wanda ba abin da zai iya sai ci. Ba mugunta ba ce, lissafin talaka ne. Amma sakamakonsa a bayyane yake. Yarinyar da aka ɗauka da alkawarin makaranta takan ƙare da farantin talla a tasha, in ta kai sha huɗu a ce an samu mai so, a rage baki. Dokar laifuka ta Kamaru ta 2016 ta hana aurar da wanda bai kai 18 ba, sai dai dokar tana Yawunde, yarinyar tana ƙauye. Saurayin kuma ya bar aji ya koma acaɓa a Garwa, ko jigilar jarkokin fetur a bayan babur daga iyaka, sana'ar da hatsari ɗaya ke tashi da mutum da babur gaba ɗaya. Wanda ya bi uwarsa sabon gida ya zama agola, ya koyi cin abinci da sauri. Mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya, haka ne, amma sai in murhun nata ne.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, da yawa daga abin da ake yi da sunan addini al'ada ce kawai. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ake bi a nan, uwa ce ta fi cancanta da renon ɗanta. In ta yi aure ko ta rasu, sai kakarsa ta wajen uwa, sai 'yar'uwar uwa, kafin a zo kan dangin uba. Dukiyar maraya kuma ba ta faɗawa hannun baffa don kawai shi baffa ne: wanda uba ya yi wa wasiyya ne ke kula da ita, in babu, alƙali ya naɗa. Amma a aikace ana gama arba'in sai ka ji an ce "yaranmu ne", a raba su kamar an raba goro, gona kuma ta shiga hannun babban wa "kafin su girma". In sun girma sai a ce ai abin da aka ciyar da su ya cinye ta. A gidajen Fali da Daba da Gude da ke bin coci ko al'adar kakanni ma, dangin uba ne ke da ƙarfin magana kan yara da ƙasa, saboda haka kukan gwauruwa kusan iri ɗaya ne ko ta wace ƙofa ka shiga.

Akwai wata mas'ala ta gado da annoba ke fito da ita fili, wadda ban taɓa jin an yi huɗuba a kanta ba. In ɗa ya riga iyayensa rasuwa, 'ya'yansa ba sa gadon kakan matuƙar akwai wani ɗa namiji a raye. Baffa yana katange su. A zaman lafiya ba kasafai ɗa ke riga uwa ba. A annoba kuwa mako uku kan raba su, kuma wanda ya riga wani shi ke yanke wa yara rabo. Tsohuwar nan tana da awaki shida da saniya guda, kowa a gidan ya sha jin ta tana cewa na maigidanta ne, wato jikan. Amma ba ta kira shaidu ta ce ta ba shi ba, ba ta yi wasiyya ba, alhali shari'a ta ba ta damar yin wasiyya da sulusin abin da ta mallaka ga wanda ba magaji ba. Dabbobin suka tafi ga Baffa da Gwaggo, bisa ƙa'ida, ba wanda ya ci haram. Masar ta ga wannan giɓi tun 1946, ta yi dokar wasiyya ta dole don irin waɗannan jikoki, wasu ƙasashen Musulmi suka bi sahu. Mu ko dokar ba mu nema ba, da malamai za su riƙa tuna wa tsofaffi masu riƙon jikoki su yi kyauta a gaban shaidu tun suna da lafiya, da an rage hawaye.

Ita gwauruwar fa? Wata huɗu da kwana goma tana takaba, ba kasuwa, ba gona sai da lalura. Tumunin da shari'a ta ba ta, ɗaya cikin takwas, da kishiyoyi za ta raba. In mijin manomin auduga ne, akwai bashin taki da maganin feshi da kamfanin auduga na Sodecoton ke bayarwa a cire ranar awo, kuma manoma suna tsaya wa juna ne ƙungiya-ƙungiya, in ɗaya ya gaza a cire a kuɗin sauran. Mai gona ya kwanta a tsakiyar damina, ciyawa ta cinye audugar, bashin yana nan, maƙwabtan da suka tsaya masa suna kallon ƙofar gidan. A watannin nan ne ake sayar da akuya, a cire yaro daga makaranta, a karɓi kuɗin gaisuwar yarinya. Duk wanda ke son ya taimaki maraya, lokacin ke nan. Mu kuwa sai azumi ya zo muke tunawa da shi.

Sai maganar takarda, wadda ke kama da ƙaramin abu har ranar da ta tare hanya. An rufe makarantun Kamaru ranar 18 ga Maris 2020, 'yan ajin jarrabawa suka koma 1 ga Yuni, sauran sai 5 ga Oktoba. Yaran da suka yi wata shida a gida, aka kuma yi musu rasuwa a tsakani, da yawa ba su koma ba. Wanda ya koma, yana kaiwa ajin ƙarshe na firamare za a ce ya kawo takardar haihuwa kafin ya zauna jarrabawa. A ƙauyukanmu, inda haihuwar gida ta fi yawa, yara da dama ba su da ita. Dokar da ke aiki a lokacin ta ba iyaye kwana 90 su yi rajista, in wata shida ya wuce sai da hukuncin kotu: a nemo takardar likita mai kimanta shekaru, a kawo shaidu, a biya kuɗi, a yi ta zirga-zirga. Uba mai rai ma yakan gaji. Baffa mai yara goma a wuya ba zai bar gona ya je ya yini a bakin kotu don ɗan ƙaninsa ba. An soke kuɗin makarantar firamare ta gwamnati tun 2000, amma kuɗin ƙungiyar iyaye yana nan, da shi ake biyan malaman da gwamnati ba ta ɗauka ba, kuma maraya ba shi da wanda zai tashi a taron iyaye ya ce a yi masa haƙuri.

Me hukuma ta yi? Ranar 30 ga Afrilun 2020 firaminista Joseph Dion Ngute ya sanar da matakan sauƙaƙa wa jama'a, ciki har da ƙara kuɗin tallafin yara daga sefa 2,800 zuwa 4,500. Abu mai kyau, amma na masu albashi ne da ke da rajista. A Mayo-Oulo mutum nawa ne ke da lambar asusun fansho? An kafa asusun musamman na yaƙi da annobar, aka ware masa sefa biliyan 180, daga baya sashen binciken kuɗi na Kotun Ƙoli ya fitar da rahoto mai cike da kwangilolin da aka kumbura da kayan da ba a ga inda suka shiga ba. Wasu ƙasashen sun tuna da marayun kai tsaye: Indiya ta yi wa yaran da suka rasa iyaye biyu alkawarin rupi miliyan ɗaya in sun kai shekara 23, Peru ta sa musu sol 200 kowane wata. Amma can ma takardar mutuwa ce mabuɗi, wanda ba a rubuta korona a tasa ba iyalinsa sun sha wahala. Da an kawo irin shirin nan ƙauyen da na zauna, ba yaro ɗaya cikin taran da zai samu, don ba wanda ya yanki takardar mutuwar ubansu.

Abin da ya fi dacewa da mu yana nan a ƙasar, sai dai bai kai ko'ina ba. Tun 2013 gwamnati da Bankin Duniya suke gudanar da shirin ba gidajen matalauta kuɗi a hannu, wanda aka fara gwadawa a Soulédé-Roua da Ndop: sefa 20,000 duk wata biyu, da dunƙule mai ɗan kauri sau biyu don jari, jimla 360,000 a shekara biyu. Ba ya tambayar wace cuta ce ta kashe mai gida. Irin wannan kuɗi in ya shiga hannun gwauruwa ko kaka, shi ke sa a bar yaro a ɗakin da ya saba maimakon a raba shi da 'yan'uwansa. Darasin da aka koya daga ƙanjamau ke nan, bayan an kashe kuɗi mai yawa kan gidajen marayu aka gane yaro ya fi tashi da lafiya a cikin dangi in an tallafa wa dangin. Shirin Amurka na yaƙi da ƙanjamau, wanda aka kafa a 2003, ya riƙa ware kashi goma cikin ɗari don marayu da yara masu rauni. Da aka dakatar da tallafin Amurka a Janairun 2025, kowa ya ga hatsarin jingina tuwon maraya da zaɓen wata ƙasa.

Namu na gida ma yana buƙatar gyara. Attajiran Garwa da Gidar suna fitar da zakka, ƙungiyoyin matasa suna ɗinka wa marayu kayan sallah, a jera su a ɗauki hoto a sa a Facebook. Allah ya ba da lada. Amma kuɗin shadda da takalmin yini ɗaya zai biya kuɗin ƙungiyar iyaye na shekara, ko ya fitar da takardar haihuwa. Jauro da lawan da liman sun san kowane gida da aka yi rasuwa. Littafi guda a hannun liman ko mai wa'azin coci, a rubuta sunan mamaci da yaran da ya bari da wanda ya ɗauki kowanne, ba ya buƙatar biliyan. Kuma in aka san lamido zai tambaya bayan shekara, "ina yarinyar da kika ɗauka, tana aji nawa?", riƙon sakainar kashi zai ragu.

A Janairun 2022 Garwa ta cika ta batse da baƙi, ana gasar ƙwallon Afirka a filin Roumdé Adjia, Najeriya ta ci Masar ɗaya da nema, mutanen Mubi da Yola suka kwana suna murna a titi. Sai da katin riga-kafi ake shiga, samari da yawa sai a lokacin suka miƙa hannu aka yi musu allurar. Daga nan kusan kowa ya rufe babin korona, tun kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci a watan Mayun 2023. Wanda ya rasa uba yana ɗan shekara bakwai a 2021 kuwa, ba zai kai 18 ba sai 2032.

A rumfar nan, da Baffa ya yi tambaya ta uku, sai aka ji murya daga bayan zana. Uwargida ce, tana cikin takaba, ba ta fito ba.

"Yaya, ku bar min shi. Tukunyar da ta ishi uku ta ishi huɗu."

Baffa ya ce, "Kin san fa ba ɗanki ba ne, kuma ba abin da ya bari."

"Na sani. A gabana aka yaye shi."

Aka shafa fatiha aka tashi. An gaya wa yaron cewa Iya, wato kakarsa, ta tafi Garwa asibiti, ya yi kusan wata biyu duk yamma yana zuwa bakin hanya yana duba masu saukowa daga babur, har wata rana wani ɗan maƙwabta ya faɗa masa gaskiya a wajen wasa. Bai yi kuka a gaban kowa ba, sai fitsarin kwance da ya dawo masa.

Na sake bi ta ƙauyen bayan shekara biyu. Uwargida tana soya ƙuli-ƙuli tana matsar man gyaɗa, ranar kasuwa shi ke ɗaukar mata kwalabe. Yana zuwa makaranta, malamin ya ce yana da kai. Takardar haihuwarsa an kai maganar kotu, an ce a zo da shaidu biyu da suka san ranar da aka haife shi. Waɗanda suka fi sanin ranar, ubansa ne da kakarsa.